Filogi Mai Ƙafa Uku a Ɗakin Rabi

Ƙarƙas. Ƙarƙas. Sai shiru. Sai kuma ƙarƙas.

Na manta abubuwa da yawa na shekarun da na yi ina aikin sola, amma ranar da na ji wannan 'yar ƙara ba ta cikinsu. Ina zaune a kan tabarma a tsakar gidan Iya Gambo, da kofin ruwa a hannuna, ƙarar tana fitowa daga ɗakin surukarta. Kamar ɓera na ƙoƙarin huda kwalla. Da a ce an kawo wuta a ranar, fanka ko rediyo na aiki, da ban ji ta ba.

Ku ƙannena da kuka shiga aikin bayan mun bari, kun daɗe kuna cewa in rubuta muku wani abu daga zamaninmu. To ga shi. Amma bari in fara da yadda aikin yake a lokacin, saboda wanda bai san shi ba.

Shagon yana cikin garin Gwarzo. Akwai mai shago, wanda ba kasafai muke ganinsa ba. Ƙarƙashinsa akwai Malam Nasiru, mai kula da wakilai, sai masu haɗa waya guda biyu, sai mu wakilai mata huɗu. Dukanmu matan aure ne, mun gama sakandare mun zauna a gida. An ɗauke mu ne don namiji ba ya shiga gidan mutane. Maigida zai zo shago ya ce talabijin da fanka, ya tafi. Amma matar da ke tashi dafa sahur a cikin duhu, ita ta san inda rashin wuta ke ciwo. Mu ne ke shiga mu ji.

Aikin kashi uku ne. Ranar farko ki je da fom, ki tambaya ki rubuta duk abin da ake son kunnawa. Daga nan a kai kaya. Bayan mako guda ki koma ki duba ko komai na tafiya daidai. Wannan komawar ita muke kira dubiya, kamar ta mara lafiya, har Malam Nasiru ya gaji da gyara mana ya bi mu a haka.

A bayan shago, ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya, ya koya mana kayan. Ina iya tuna mu a jere a kan benci, hijabai kala-kala, kowa da littafinta, ana raba gyaɗa a ɓoye kamar 'yan aji ɗaya. Ya nuna mana ƙaramin saiti mai ƙwan fitila uku da farantin sola, wanda ke cajin waya da rediyo, amma ba shi da soket irin na bango. Ya nuna mana inbata mai ba gida wuta, da manyan baturanta, masu nauyin da sai ƙarti biyu, in an kafa su a gida an kafa ke nan. Sai akwatin wuta, mai hannu kamar kular abinci, ana ɗaukarsa a je ko'ina, yana da soket, ana caja shi da rana ko da wutar gari. Janareta ba ma sayarwa, amma dole mu san shi, domin da shi kowa ke auna kayanmu.

Kullum maganarsa ɗaya ce: "Kada ku tambayi mutum me yake so ya saya. Ku tambaye shi me yake so ya kunna."

Na riƙe wannan magana gam. Na zaci ita ke nan duk aikin.

A shekarata ta biyu, damina ta ja baya, gero ya shigo, dawa ta kusa, aka tura ni gidan Iya Gambo. Ɗanta Isyaku falke ne na hatsi, yana kudu a lokacin. Ya yi waya ya ce a bai wa mahaifiyarsa duk abin da ya dace. Kowace kaka gidan gaba ɗaya kan tashi su koma gonarsu da ke can gefen hanyar Kabo, su yi kamar mako uku har a gama girbi da sussuka. Ɗaki biyu ne na ƙasa da rumfar kara, babu wuta babu alamarta. Abin da za su tafi da shi suke nema, wanda kuma zai yi musu amfani a gida in an ɗauke wuta.

Muka gaisa da Iya, gaisuwa mai tsawo, har ta gano ta san kakata ta wajen uwa. Na buɗe fom.

"Iya, me da me za a kunna a gonar?"

"Fitila, 'yar nan. Kunamu sun yi yawa a can. Sai wayar da yaron nan ke kirana. Sai rediyona, don ba na barin tafsiri."

"Firji fa? Ko fanka?"

Ta yi dariya har da tafa hannu. "Firji a gona? Sai dai mu sa dawa a ciki."

A lokacin ne Rabi, matar Isyaku, ta kawo min ruwa ta durƙusa. Ba za ta wuce shekara ashirin da huɗu ba, doguwa, mai sanyin murya. Wata yarinya 'yar shekara shida tana biye da ita, tana leƙa jakata. Iya ta ce, "Safiya, bar jakar mutane, mai shisshigi. Wannan da kike gani, ta fi ni baki." Yarinyar ta ce, "Ai ke ba ki da haƙora, shi ya sa." Muka kwashe da dariya.

Na juya na ce, "Rabi, ke fa? Akwai abin da kike son kunnawa?"

Na ga ta buɗe baki. Na ga idonta ya je ƙofar ɗakinta, ya dawo kan yarinyar, ya sauka ƙasa. Sannan ta ce, "Duk abin da Iya ta ce, Anti."

Na gani da idona, amma na rubuta "babu". Na ba su shawarar ƙaramin saiti mai ƙwai uku. Na fito ina jin daɗin kaina, wai na ji tsoron Allah, ban ɗora wa tsohuwa kayan da ya fi ƙarfin buƙatarta ba.

Ranar dubiya ta faɗo ana jibi za su tafi. Bayan la'asar na isa. Tun jiya babu wuta a unguwar. Tsakar gida cike da buhuna da tukwane da tabarmi a naɗe. Iya na yabon fitilun, tana cewa ko allura ta faɗi tana gani. Rabi ta kawo ruwa ta koma ɗaki da sauri, ko zama ba ta yi ba. Sai na fara jin ƙarar nan.

Na ce, "Iya, bari in duba batirin." Na san a ɗakin Rabi aka ajiye shi.

Na yi sallama na ɗaga labule. Rabi na tsugune a gaban batirin saitin, da filogi mai ƙafa uku a hannunta, tana ƙoƙarin tura shi cikin 'yar kafar da ake sa wayar caji. Kafar ko ƙafa ɗaya ba za ta ɗauka ba. Har robar ta kakkarce. Da ta gan ni sai ta tura filogin ƙarƙashin zaninta, kamar na kama ta da sata.

A kan gado Safiya ce zaune, an jingina ta da filo. Yarinyar nan mai baki ba ta ce min komai ba. Kafaɗunta na hawa suna sauka, ƙirjinta na yin siririn fito. Na bi wayar filogin da ido har zuwa wani ƙaramin farin inji mai tiyo da abin rufe hanci da baki.

Na rage murya. "Rabi, mene ne wannan?"

"Na asma ne. Likita ya rubuta mana a Kano. Ana zuba maganin a nan, in an kunna sai ya zama tururi ta shaƙa."

"In babu wuta fa?"

"Mai kemis na bakin titi yana da janareta, can ake kai ta. Yau ya rufe, ya tafi sayo kaya. Ƙurar buhunan nan ce ta tayar mata."

"A gona fa, Rabi? Wajen sussuka?"

Hawaye ne kawai suka zubo.

"Me ya sa ba ki gaya min ba ranar da na tambaye ki?"

Ta dube ni kamar na yi tambayar da ba ta dace da babba ba. A hankali ta ce, "Anti, ta fari ce. A gaban Iya?"

Wallahi sai na ji kamar an watsa min ruwan sanyi. Ni da aka haifa a garin nan. Ni da mahaifiyata har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunan yayanmu a bakinta ba. Na san uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna damuwa da shi a gaban manya, balle ta buɗe baki a gaban uwar miji ta ce a sayo wa 'yarta kaza. Na san wannan tun ban san karatu ba. Amma da na riƙe fom da biro, sai na manta ko ni 'yar ina ce. Rabi kuwa ta yi ta addu'a a ranta, wai ko saitin zai ɗauki injin, ba sai ta yi magana ba.

Na fito tsakar gida. "Iya, injin Safiya ba zai yi aiki da saitin nan ba."

Ta saki buhun da ke hannunta. "Kamar yaya? Ba wuta ba ce?"

"Wuta ce, amma ba irin tasa ba."

"Innalillahi. Ni na zaci wuta wuta ce. Kuma da kika ce abin kunnawa, ai ni magani na ɗauke shi, ban sa shi a layin rediyo ba." Ta ɗaga murya. "A je gidan Malam Audu a aro janareta!"

Na ce, "Iya, ɗan dakata. Tsakar gidan nan ƙarama ce, hayaƙin zai shiga ɗaki ya ƙara mata. Bari in yi waya."

Akwai akwatin wuta guda ɗaya a shago da kullum ke cike da caji, na gwaji, wanda ake nuna wa masu saye. Dokar mai shago ce ba ya fita ko ƙofa. Na kira Malam Nasiru.

"Malam, akwatin gwaji nake so a gidan Iya Gambo. Yanzu."

"Malama Hauwa, kin san dokar nan. In suna so su gani su turo..."

"Malam, ba ciniki na kira ka ba. Yarinya ce ba ta iya numfashi."

Na ji ya ja kujera ya miƙe. "Wane irin inji ne? Juya bayansa, akwai takarda a manne. Karanta min lambar da ke gaban wat."

Na koma ɗaki na karanta masa.

"Zai ɗauka har da saura. Ga ni nan. Zan taho da mai adaidaita ya tsaya a ƙofa. In an sa ba ta samu sauƙi ba, asibiti za a wuce, kada a tsaya shawara."

Ban san minti nawa ya ɗauka ba. Na dai san na karanta duk abin da na iya, ina shafa bayan yarinyar. Da na ji sallamarsa a zaure na fita da gudu, ko takalmi ban sa ba. Ya miƙo min akwatin, gumi ya jiƙa masa hula. "Maɓallin dama shi ne na soket. Ki danna ki riƙe sai fitila ta yi kore."

Na ajiye shi a gaban gado. Rabi ta ciro filogin daga ƙarƙashin zani. Ya shige ramukansa uku lafiya lau, kamar don shi aka yi su. Injin ya fara gurnani, farin tururi ya cika abin rufe fuskar.

Amma Safiya ta tsorata. Wanda numfashi ya ƙure wa ba ya son a rufe masa hanci. Ta fara ture abin, tana kaɗa kai, idanunta sun firfito. Iya na tsaye a bakin ƙofa tana cewa, "Tsaya mana, ƙawata, tsaya." Ni ma ina lallashi. Ba ta jin kowa.

Sai Rabi ta hau gadon, ta ɗora ta a cinya, ta kama fuskarta da hannu biyu.

"Safiya. Safiya, dube ni. Ja a hankali. Safiyata, ja."

Yarinyar ta tsaya cak. Ta ƙura wa uwarta ido ta cikin tururin. Ta ja. Ta sake ja.

Ɗakin ya yi tsit, ban da gurnanin inji. Sai a lokacin Rabi ta ji abin da bakinta ya faɗa. Ta sunkuyar da kai, amma ba ta saki yarinyar ba. Na saci kallon Iya. Tsohuwar ta juya ta saki labule, muka jiyo ta a tsakar gida tana faɗa da ƙarfi: "Kai, wannan akuya! Wa ya kwance ta? Za ta cinye min igiyar buhu!" Akuyar kuwa na ɗaure a turkenta, na gan ta lokacin da na fita.

Kafin magariba fiton ƙirjin ya lafa, kafaɗun suka sauka. Malam Nasiru bai sallami mai adaidaita ba sai da na fita na tabbatar masa, kuma ya sa Iya ta yi alkawarin za a kai ta wajen likita da safe kafin a yi maganar tafiya. Da zan tafi, Iya ta raka ni har zaure, abin da ba ta saba ba. Ta riƙe hannuna ta ce, "Ni ba zan iya gaya mata ba, sai ta ƙara jin nauyi. Ke ki gaya mata. In maganar numfashin yarinyar nan ce, na yafe kunyar. Ta faɗa ko a gaban wa."

Washegari aka karɓi ƙaramin saitin, aka kai musu sabon akwatin wuta da faranti mai naɗewa da ƙwai biyu. Likita ya duba Safiya, ya ce ta je amma a nisanta ta da wajen sussuka. Na zauna da Rabi na koya mata: a shimfiɗa farantin tun hantsi, a riƙa goge ƙaiƙayi da ƙura daga kansa, kada a bar akwatin a rana, kada kuma a bari cajin ya sauka ƙasa da rabi. Wannan na ƙarshen ne ya fi damuna, don na san gona. Da ma'aikata sun ga soket, wayoyi goma za su fito. Iya ta ce, "Bar min wannan. Duk mai waya sai ya bi ta kaina."

A shago na shirya shan faɗa. Malam Nasiru ya ɗauko fom ɗina ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Kin yi tambayar kuwa?"

"Na yi, Malam."

"A gaban wa?"

Na gane inda ya dosa. Ya ajiye fom ɗin. Ya je ya yi wa mai shago bayanin fitar akwatin gwaji da kansa, ban san me suka ce ba, bai kuma taɓa gaya min ba. Daga makon nan aka ƙara layi a fom: ko akwai mara lafiya a gidan da ke amfani da inji ko maganin da ke son sanyi. Layin da kuke cikewa yanzu ba ku san daga inda ya fito ba. Mu kuma wakilai muka ɗauki wata ɗabi'a da ba a rubuta a ko'ina ba. In mun gama da babbar gidan, sai mu nemi dalilin shiga ɗakin ƙaramar. Aron abin salla, ko gyara ɗaurin ɗankwali. A can, murya ƙasa-ƙasa, mu sake tambaya.

Abin da aikin nan ya koya min ke nan. Lissafin wat da girman batir ana koyonsa a mako biyu, a ƙarƙashin bishiya. Amma mutanenmu ba sa faɗin buƙatarsu kai tsaye, kuma sau da yawa wadda ta fi kowa buƙata ita ce ta fi kowa shiru. Ba ƙarya suke yi ba, tarbiyya ce, kuma ina ƙaunarta. Sai dai wadda ta shiga gida da fom, wajibi ne ta san wa ke iya magana a gaban wa. In kin ga baki ya buɗe ya rufe, kada ki rubuta "babu".

Na bar aikin da yara suka ƙaru, hidimar gida ta yi yawa. Mu huɗun nan mun watse, ɗaya tana Kano, ɗaya ta rasu, Allah Ya jiƙanta da rahama. Wani lokaci in na wuce ta bayan shagon na ga bencin, sai in ji kamar in zauna.

Dubiyar akwatin kuwa a gona na yi ta, kwana goma da tafiyarsu. Na hau mota zuwa hanyar Kabo, na ƙarasa a babur ta cikin karan dawa. Na tarar an shimfiɗa farantin a kan rumfa, yana sheƙi, an goge shi tas. Akwatin na cikin inuwa a lulluɓe da tsohon zani, Iya na zaune a gefensa da sandarta, wasu samari biyu na tsaye nesa da wayoyi a hannu suna mata magiya. Rabi ta ce sau biyu aka kunna injin, kuma duka biyun bai ba da matsala ba. Ta dafa min ɗanwake, na ci a ƙarƙashin rumfa, iska na kaɗawa.

Da na tashi tafiya, Safiya ta ce ita za ta riƙe min jaka zuwa bakin hanya. Muna tafe tana ba ni labarin wata kunama da Iya ta kashe da takalmi. Da muka yi nisa da rumfar sai ta tsaya, ta waiwaya ta tabbatar babu mai jin mu. Ta ja hijabina har sai da na sunkuya, ta kawo bakinta kusa da kunnena.

"Anti, in gaya miki wani abu? Ashe Umma ta san sunana."